Aron Littafi a Birnin Shehu

Shirin yau daga Ƙofar Marke yake zuwa muku, cikin birnin Sakkwato, kuma zancen aro ne. Aron littafi.

Ƙofar Marke ɗaya ce daga ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar birni, 'yar'uwar Ƙofar Rini da Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya da sauransu. Ganuwa ta daɗe da zubewa, sunan ƙofa ya koma sunan unguwa. Amma duk wanda ya tsaya bakin hanya bayan sallar asuba zai ga wata al'ada da ta girmi titin da yake tsaye a kai: magidanta da samari, kowa da littafi a hammata, sun nufi zauren malam. Wannan da Risala, wancan da Muhtasar, wani da Ishiriniya da ta sha hannu har gefenta ya yi baƙi. Da za a tare su a tambaya, da an tarar ba kowane littafi ne na mai riƙe da shi ba. Na wansa ne, ko na maƙwabci, ko na malamin kansa, wanda ya miƙo shi yana cewa, "Ga shi nan, amana. In ka gama ka maido."

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. A kan riga da zane, haka ne. A fagen karatu kuwa, malaman garin nan da dama da kayan aro suka yi sutura.

Labarin ya girmi Sakkwato kanta. A watan Fabrairu na 1804, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Ɗagel ya yi hijira zuwa Gudu, littattafansa na cikin kayan da jama'a suka fi damuwa da su. Masu tarihi sun ambaci Malam Agali, wani malami Ba'abzine, cikin waɗanda suka taimaka da raƙuman ɗauka. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da cuta, ana tashi daga wannan sansani a sauka wancan, amma a cikinsu Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806, yana jawo hujja daga wannan malami zuwa wancan. Mai irin wannan rubutu, gafakokinsa na kusa da shi. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya shigo a 1815, sannan ne littattafan suka huta da doron raƙumi.

Sai mai sauraro ya san kamannin littafin wancan zamani kafin ya gane yadda aronsa yake. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, ɗaya kan ɗaya, a tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Babu lambar shafi. A ƙasan warƙa marubuci kan ajiye kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in iska ta watsa su a iya mai da kowace gurbinta. Takarda kuma baƙuwa ce. Mai yawa daga cikinta daga arewacin Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske. Ta biyo Tarabulus ko Misira, ta ƙetare hamada, ta sauka Kano, kafin ta iso nan da tsadarta. Alƙalami na gamba, tawada ta bagaruwa da kashin maƙera.

Tunda babu injin ɗab'i, wanda bai gaji littafi ba, ba shi kuma da abin saye wurin mahajjata ko fatake, hanya guda ta rage masa: ya ara ya juya. Wato ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ko ya biya mai kyan rubutu ya kwafe masa. Rashin ɗinkin nan ya sauƙaƙa aiki, domin ana iya raba littafi guda ga ɗalibai uku ko huɗu, kowa ya juya rabonsa. Ke nan littafi kan fita aro shi kaɗai, ya dawo ya bar ɗa a wani gida. Ta haka rubuce-rubucen Shehu da na ƙanensa Abdullahi da na Bello suka kai Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, ba tare da kantin littafi ko ɗaya ya shiga tsakani ba.

Abin yana da tasa illar. Warƙa ɗaya ta faɗi a hanya, babi ya gurgunce. Mai aro ya yi tafiya, ko ya rasu, magada su haɗa littafin mutane cikin gado. Shi ya sa malamai ke da wani tsohon barkwanci da suka gada daga Larabawa, wai wauta ce ba da aron littafi, amma wanda ya maido shi ya fi wauta. Wasu kuwa ba sa barin littafi ya ƙetare zaure. In kana so, zo da takardarka da tawadarka ka zauna nan, ana ganinka.

Baƙi biyu daga Turai sun ga wannan harka da idonsu, sun kuma rubuta.

Na farko Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi. Ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, aka sa shi a hannun Waziri Giɗaɗo. Cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Bello ya nuna yana so daga Ingila har da littattafai. Da Clapperton ya dawo a 1826, sai ya zo da wasu na Larabci, ciki har da littafin handasa na Uƙlidis, masanin lissafin nan na zamanin Girkawa. Bello ya gaya masa cewa dā gidansu na da irinsa, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Wata rana Clapperton ya shiga wurinsa ya same shi zaune, littafin a buɗe a gabansa. Sarki ne da yaƙin Gobir ke kansa, ga kuma rikici da Borno, amma ya sami lokacin zama da alwatika da da'ira. Clapperton bai koma gida ba. A nan ya rasu a watan Afrilu na 1827. Abin lura a labarin shi ne gobarar. Kwafi ɗaya tak, wanda ba a kai ga juyawa ba, wuta guda ta raba gari da shi har sai da baƙo ya ƙetaro teku.

Na biyu Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarim. A 1853 ya bi ta Wurno da Sakkwato ya sauka Gwandu. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Abdullahi, bai yarda sun gana ba. Amma wani malami mai suna Buhari ya ba shi aron abin da ya fi ganawar amfani: Tarihus Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta wajen 1655. Barth ya yi 'yan kwanaki yana tsamo abin da ya iya, ya mayar wa mai shi. Ya ma yi kuskuren ɗauka cewa Ahmad Baba ne mawallafin. An buga abin da ya tsamo a Jamus a 1855, kuma daga nan ne masanan Turai suka fara sanin jerin sarakunan Songhai dalla-dalla. Littafin Tumbuktu, a hannun malamin Gwandu, an ara wa Kirista matafiyi. Ba a karɓi jingina ba, balle a cike takarda.

Ba Musulmin ƙasar Hausa kaɗai suka ɗauki aron littafi aikin lada ba. Sakkwato ba ta da unguwar Yahudawa, amma labarin yadda su suka tsara nasu aron ya cancanci a ji shi a nan, don ya yi kama da namu a wuri guda, ya saɓa a wani.

A ƙarni na 12 an yi wani likita Bayahude, Yahuda bin Tibbon, haifaffen Garnaɗa ta Andalus, wanda ya koma garin Lunel a kudancin Faransa yana fassara littattafan Larabci zuwa Ibrananci. Ya bar wa ɗansa wasiyya, kuma sashe mai kyau na wasiyyar kan littattafai ne. Ya umurce shi kada ya hana aro ga ɗalibin da ba shi da halin saye, muddin zai maido. Wannan ko a zauren Ƙofar Marke haka za a faɗa. Sai ya ƙara abin da zaurukanmu ba su saba ba: kafin littafi ya fita gida a rubuta sunansa a takarda, in ya dawo a soke. A riƙa duba na Ibrananci kowane wata, na Larabci duk wata biyu. Sau biyu a shekara, lokacin manyan bukukuwansu, a kira duk abin da ke waje ya dawo.

Wannan ɗabi'a ta rajista ita ce ta girma ta zama laburare. A birnin Vilna, wanda yau ake kira Vilnius, babban birnin Lituwaniya, an haifi wani attajiri malami, Mattityahu Strashun, a 1817, shekarar da Shehu ya rasu. Da ya mutu a 1885 ba shi da ɗa, sai ya bar wa jama'arsa littattafansa sama da dubu biyar, irin abin da mu za mu kira hubusi. An buɗe su ga kowa a 1892, daga baya aka gina musu ɗaki a harabar babban wurin ibadarsu. A can zama ake a karanta. Mai son tafiya da littafi gida sai ya nufi laburaren wata ƙungiya mai suna Mefitse Haskala, wato masu yaɗa wayewa, a titin da aka sa wa sunan Strashun.

A 1941 sojojin Hitila suka kama birnin, suka tattara Yahudawa cikin 'yan layuka suka killace. Laburaren aron nan ya faɗo cikin shingen. Wani ma'aikacin laburare da ya gudo daga Warsaw, Herman Kruk, ya sake buɗe shi a watan Satumba, ya ci gaba da rubuta wa ya ɗauka, me ya ɗauka, yaushe ya maido. Rajistarsa ta nuna abin mamaki: bayan ranakun da aka kwashi mutane zuwa dajin Ponar aka harbe, masu zuwa aro ƙaruwa suke yi. Mafi yawan abin da suke nema labaran ƙirƙira ne, abin da zai ɗauke hankali na 'yan sa'o'i. Wasu littattafan ba su dawo ba, sun tafi tare da masu aronsu. Ranar 13 ga Disamba 1942 aka yi taron murnar cika aro na 100,000. A watan Satumba na 1943 aka rushe unguwar, Kruk kuma aka kashe shi a wani sansani a Estoniya a 1944.

An san adadin nan ne domin wani ya zauna ya rubuta. Aron Sakkwato a kan sanayya ya ginu: an san mahaifinka, an san malaminka, an san inda za a same ka. Tsari ne mai mutunci, kuma ya yi aiki shekaru da yawa. Amma da wuya ya bar lissafi, kuma in garin ya girma har maƙwabci bai san maƙwabci ba, sai ƙofa ta fara rufuwa.

Gidan da ya fi kowane riƙe ƙofar a buɗe shi ne gidan Waziri, a Giɗaɗawa. Tushensa Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Su biyun marubuta ne, kuma sun yi hidimar tattara abin da Shehu da Bello suka bari. Asma'u ta ƙirƙiro nata salon aron, wanda ba ya buƙatar takarda da yawa. Jajoji, shugabannin 'Yan Taru, kan taho daga ƙauyuka da malfunansu, su karɓi waƙa ta Hausa ko ta Fulatanci a wurinta, su koma su koyar da matan da ba sa fita. Gara ba ta cin abin da aka haddace.

Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, littattafai da dama suka bi su, wasu har Sudan. Waziri Buhari ya tsaya, takardun gidan suka tsaya tare da shi. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948 ya riƙe har rasuwarsa a 1997. A hannunsa taskar gidan ta zama matattarar masu bincike. A farkon shekarun 1960 wani ɗalibin jami'ar Ibadan, Murray Last, ya zo ya zauna yana karatu a gaban Waziri, yana duba wasiƙun wazirai da littattafansu. Abin da ya fito daga zaman shi ne littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, wanda har yau ba a yin zancen tarihin daular a jami'a a tsallake shi. Haka Jean Boyd, malamar makaranta da ta daɗe a garin nan, Waziri ya buɗe mata gafakar rubuce-rubucen Asma'u. A 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da su a haɗe. Da Waziri Junaidu mai rowar littafi ne, da duniya ba ta san Asma'u yadda ta san ta yau ba. Hukumar adana tarihi da al'adu ta jiha, wadda aka kafa a shekarun 1970, sunansa take ɗauke da shi, kamar yadda babban laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo.

Aro mai kati da hatimi kuwa da boko ya shigo. A shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwan Arewa, inda ake zuwa duba Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939, a ji labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna, a karanta a mayar a kawo wasu. Tsari ne mai kyau a takarda. Matsalarsa, yawancin abin da ke cikin akwatin da Turanci ne, a garin da masu karatunsa Larabci da ajami suka iya. Malamin zaure bai ga abin da zai kai shi can ba, akawun En'e kuma bai ga abin da zai kai shi zaure ba. Har yau laburaren gwamnati a garuruwanmu ya fi cika lokacin da jarrabawa ta gabato, kuma yawancin masu zuwa da littafinsu suke zuwa. Kujera da shiru suke nema.

Waɗanda suka gane bakin zaren, ba tare da digiri a ilimin laburare ba, su ne masu hayar littafi. Daga tsakiyar shekarun 1980, da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika gari, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, sai ƙananan shaguna da tebura suka ɓullo a unguwanni. Mai shago da ƙaramin littafinsa na lissafi: sunan labari, kashi na nawa, gidan wa. Matan aure ba sa zuwa da kansu, yaro ake aikowa da 'yan canji da saƙo, "Wai in ji Anti, a ba da na biyu, ga na ɗaya." Littafi ya shiga gida guda, kishiya ta karanta, ƙanwar miji ta karanta, maƙwabciya ta miƙo hannu ta katanga. Masu wa'azi sun yi ta suka, wasu sukar da hujja. Amma mata nawa ne karatun bokonsu ya zauna daram saboda son sanin yadda za ta ƙare tsakanin masoya biyu? Mutanen Kruk ma, da mutuwa a bakin ƙofa, labari suka fi nema. Kuma a shagon hayar nan ne, ba a wani babban gini ba, rajistar bin Tibbon ta haɗu da sanayyar Sakkwato.

Yau wayar hannu ta ci rabin kasuwar. Labari na yawo a WhatsApp, littattafan Shehu ana tura hotonsu daga waya zuwa waya, ɗalibi ya sami Liya'ut Tawili na Abdullahi ba tare da ya durƙusa gaban kowa ba. Injin fotokofi tun kafin nan ya kashe sana'ar juyi. Wanda abin ya bari a baya shi ne tsohon rubutun hannu da ke cikin adaka a ɗakin kaka. Ba mai aronsa, don akwai bugagge a kasuwa, saboda haka ba mai buɗe shi ya kaɗe. Damina ta yi nata, gara ta yi nata. In mai gida ya rasu, a yi wa littattafai kuɗi a raba, wani lokacin mujalladi na ɗaya ya tafi ɗakin wannan, na biyu ɗakin wancan. Gidan da ke da irin wannan ajiya zai iya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da bango mai laima, ya riƙa fito da ita inuwa tana shan iska, ya kuma nemi ma'aikatan hukumar tarihi ko na jami'a su ɗauki hotonta, asali ya zauna a hannun masu shi.

Masu wannan aiki, in aka miƙa musu tsohon littafi, warƙar ƙarshe suke fara dubawa. A can ne mai juyi kan rubuta cewa littafi ya kammala, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, wani lokacin da sunan wanda aka rubuta wa, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa. Wani a gefe ya ƙara cewa littafin ya zama mallakarsa. Da irin waɗannan layuka ake bin sawun littafi daga Gwandu zuwa Wurno, daga Wurno zuwa wani zaure a cikin birni. Abin da ke ba masu binciken wahala shi ne, sau da yawa marubucin zai faɗi ranar da ya ajiye alƙalami, Alhamis ce ko Lahadi, har ya ce bayan azahar ne, amma ya bar shekarar bai rubuta ba.

A nan shirin namu ya tsaya, daga Ƙofar Marke.